Dabaibayin ɗan tsako

Uwargida ce ta kawo shawarar. Ta ce tun da ɗinki sai gab da Sallah yake kankama, mu sa 'yan tsaki a ɗan lungun da ke bayan ɗakinmu, kafin wata huɗu sun isa sayarwa, a samu na makarantar yara. Kuɗin adashinta ta kwashe ta ba ni. Na yi magana da wani dillali mai kawo su daga Ibadan, ran Alhamis da yamma na je wajen Pen Cinema na karɓo kwali ɗaya na Noiler, guda 50, suna ta tsiyau-tsiyau har fasinjojin Keke na waiwayena.

Duk wanda ke zaune a Zangon Agege ya san ba mu da fili. Lungun nan siminti ne sumul, ni kuma don gudun faɗan mai gida a kan ƙazanta sai na shimfiɗa leda, na ɗora tsofaffin jaridu a kai. A ganina na yi dabara: kullum da safe a naɗe a zubar.

Kwana biyu da zuwansu, 'yata mai shekara takwas ta shigo da gudu. "Baba, wasu sun ƙi tashi." Na tarar da huɗu kwance rub da ciki. Uku ƙafafunsu sun tale, ɗaya gabas ɗaya yamma, suna ta fafutuka da fukafukai, 'yan'uwansu na bi ta kansu zuwa wajen abinci. Na huɗun yatsunsa ne suka dunƙule kamar mai riƙe da kwabo.

Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, kwashe su ka jefa kwata. Kowane kwali da irinsu, ragowar injin ƙyanƙyasa ne." Yarinya ta fashe da kuka. Ni kuwa, ban ɓoye muku ba, lissafi nake yi: huɗu yau, gobe nawa? Kuɗin ba nawa ba ne.

Na kira Inna a ƙauyenmu wajen Funtuwa. Ta yi shekaru tana kiwon kaji, ta ce ita da wuya ta ga haka a tsakin da uwarsa ta ƙyanƙyashe. Sai ta tambaye ni, "Kai, a kan me suke tsaye?" Na ce jarida. Ta ce, "Jarida? Karatu za su yi?"

Washegari na tafi Oko-Oba, wajen masu sayar da abincin kaji da magunguna, na samu wani likitan dabbobi da ke zama a shagon. Abin da ya gaya mini bai yi nisa da tambayar Inna ba. Ɗan tsako na fitowa daga ƙwai bayan kwana 21 da ƙashi da jijiya masu taushi. In ƙasa na da santsi, faratansa ba su samun abin kamawa, ƙafa ta zame gefe, in ya kwana biyu a haka gaɓar ta saba. Wani lokaci matsalar daga injin ƙyanƙyasa take, in zafinsa bai daidaita ba, amma ya ce in fara da laifina kafin in nemi na Ibadan. Dunƙulewar yatsu kuma sau da yawa ƙarancin bitamin B2 ne.

Maganin talewar ya ba ni dariya, don dabaibayi ne, irin wanda muke yi wa jaki a gida. Ka yanko siririn filasta, ka naɗa a ƙwaurin ƙafa ɗaya, sama da yatsu, ƙasa da gwiwa, ka bar tazara kamar faɗin jikin tsakon, sannan ka naɗa a ɗayar. Ƙafafun su dawo ƙarƙashin ciki yadda Allah ya halicce su. Kada a matse, jini ya riƙa gudu. Tsakiyar filastar a ninke ta don kada ta manne wa gashi. Ni tela ne, hannuna ya saba da ƙananan abubuwa, amma sai da na ɓata filasta uku kafin na farko ya zauna, tsakon na ihu kamar ana yanka shi. Mai dunƙulallun yatsu kuma na yanka masa ɗan kwali daidai tafin ƙafa, na miƙe yatsun a kai na manne. 'Yata ta ce takalmin Sallarsa ne.

Muka cire leda da jarida gaba ɗaya, muka zuba garin katako mai ɗan kauri daga wajen masu aikin katako. Huɗun nan muka ware su a ƙaramin kwali da tsohon tawul a ƙasa. Ruwansu a murfin kwalba, da tsakuwa a ciki, domin tsako mai dabaibayi in ya kife cikin ruwa ba ya iya fita. Bitamin a ruwan kowa. Daren farko aka ɗauke wuta, muka hura gawayi a kasko muka kāre shi da bulo. Likitan ya ce makon farko suna son zafi digiri 32 zuwa 35. Ba mu da ma'auni, sai dai ido: in sun cure waje ɗaya sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa.

Kullum da safe nakan kwance filasta in ga ko za su tsaya, in sa sabuwa. Rana ta biyu ɗaya ya fara tsalle kamar kwaɗo. Rana ta huɗu biyu suna tafiya ba dabaibayi, mai takalmi ma yatsunsa sun miƙe. Na ƙarshen bai tashi ba. Gwiwarsa ta kumbura, ƙafar ta murɗe waje, jijiyar ta goce daga mazauninta, filasta ba ta gyara wannan. Ya daina ci, ran na shida muka wayi gari ya mutu. Yarinya ta haƙa rami gindin katanga da cokalin uwarta.

Akwai abin da likitan ya ja mini kunne a kai, ni ma zan ja wa masu karatu. Dabaibayi na jariran kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki ne. In kaza ta yi makonni tana tafiya lafiya sannan ta zube, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, wannan na iya zama cutar Marek, wadda ba ta da magani sai rigakafin ranar ƙyanƙyasa, kuma tana yaɗuwa. A ware ta, a kira likita. Ku kuma tambayi dillalinku ko an yi musu allurar kafin ku biya.

Da Sallah ta zo mun sayar da 41. Sauran wasu sun mutu a hanya, wasu mun ci. Mai takalmi ya zama zakara, yarinya ta hana a taɓa shi, shi ke tashin gidan yanzu kafin ladan. Makon jiya maƙwabcin nan nawa ya ƙwanƙwasa ƙofar shago da tsako a tafin hannu, ƙafafu a tale. Ya ce, "Malam, ko akwai ragowar filastar nan?"