Rai Uku a Garin Gawayi

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. Akwai wani malamin kolej a Cirozerin da ke jayayya da wannan karin magana a zuci, tun ranar da aka buɗe adakar mahaifinsa bayan sadakar arba'in. A ƙarƙashin rigunan aiki da tsofaffin takardun albashi aka tarar da wata ƴar na'ura ta roba wadda launinta ya koɗe, da abin riƙo biyu da yara ke kira manet, da kaset uku masu ruwan ɗorawa. Ƙannensa suka yi dariya, suka ce a ba yara su ƙarasa ta. Shi kuwa ya ɗauke ta ya kai ɗakinsa bai ce uffan ba. Ashe tsohon da ya sha faɗin cewa wannan abu zai lalata masa ƴaƴa, shi ne ya adana shi fiye da shekara talatin.

Cirozerin gari ne da gawayi ya raya. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975 domin haƙar gawayin Anu Araren, a 1981 kuma tasharsa ta lantarki ta fara aiki. Wutar da take bayarwa ita ce ta riƙe ma'adinan yuraniyom na arewa: SOMAÏR a Arlit, wanda ya fara fitar da ƙarfen a 1971, da COMINAK a Akokan, wanda ya biyo baya a 1978. Saboda haka ƴaƴan ma'aikata suka tashi da abin da akasarin yaran Nijar ba su sani ba a lokacin, wato fitilar da ba ta shan kananzir, da tele a tsakar ɗaki. Arlit kuwa har Paris ta biyu ake ce mata, sunan da Idrissou Mora-Kpaï, ɗan ƙasar Benin, ya raɗa wa fim ɗin da ya yi a kan garin.

Daga can na'urar ta zo, a babban hutun 1993, cikin jakar wani kawunsa mai aiki a ramin Akokan. Lokacin tawaye ne, tafiya ta yi wuya, iyaye ba sa barin yara su yi nisa da gida bayan magariba. Watanni kaɗan bayan haka, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa, duk kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Na'urar ma ba ta asali ba ce; kwaikwayon Famicom ce, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983, irin wadda ƴan kasuwa ke kawowa daga Asiya. A bayan kaset ɗaya an rubuta cewa wasanni dubu tara da ɗoriya ne a ciki. Da aka bincika, ba su wuce goma ba, sauran duk maimaici ne. Amma a cikin goman akwai Super Mario Bros., kuma shi kaɗai ya wadatar.

Doka ɗaya ce a ɗakin: rai uku. Da rai uku wasan ke farawa. Wanda nasa suka ƙare, ya miƙa manet ga na kusa da shi, ko ɗan mai gida ne. Yara goma sha wani abu ke cika tabarma, wani na ihu da Hausa, wani da Tamajak, wani da Zabarmanci, ana haɗawa da Faransancin lakkol. Babu mai jin Ingilishin da ke fitowa a allon, don haka suka raɗa wa kowa suna. Mario ya zama Mai Gashin Baki, babban maƙiyin da ke jira a ƙarshen kowace fada ya zama Dodo. In kaset ta ƙi, sai a cire a hura mata iska kamar mai hura wuta, a mayar da bismillah. In kuma Mario ya shiga bututu ya nutse ƙarƙashin ƙasa, inda haske ke dushewa kiɗa ya canza, sai ɗakin ya ɗauka baki ɗaya: “Ya tafi aiki!” Domin haka suka san iyayensu maza: mutane masu hula da ke shiga rami su fito da abin da wasu ke ƙirgawa.

Sai da ya girma ya gane cewa zancen nasu bai yi nisa da gaskiya ba. Shekaru da dama wani kamfanin Japan mai suna OURD ne ke riƙe da kashi 25 cikin 100 na hannun jarin COMINAK, kuma wani kaso na yuraniyom ɗin Akokan tashoshin lantarkin Japan ya nufa. Ƙasa ɗaya ce ta karɓi gumin kawun, ita ce kuma ta ƙirƙiro asalin abin wasan da ke cikin jakarsa.

Ra'ayin malamin a kan waɗannan wasanni ya saɓa da na abokan aikinsa da yawa, masu ganin ɓata lokaci ne kawai. Shi yana ganin aikin gwanaye ne da suka ƙware wajen sarrafa kaɗan. Nintendo ya fara ne a 1889 a birnin Kyoto, yana buga katin wasa na hannu. Lokacin da Shigeru Miyamoto ya zana mutumin da zai zama Mario, a wasan Donkey Kong na 1981, ɗigogin allon ba su isa a zana baki da suma ba. Sai ya sa masa gashin baki da hula. Super Mario Bros. na 1985, da matakansa 32 da kiɗan da Koji Kondo ya tsara, bai wuce kilobait 40 ba, ƙasa da nauyin hoto guda da ake aikawa ta waya. Gajimaren sama da ƴan bishiyoyin ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Gunpei Yokoi, wanda ya jagoranci ƙera Game Boy a 1989, ya zaɓi allo marar launi da gangan, domin batir huɗu su daɗe, alhali Game Gear na kamfanin Sega, mai launi, yana cinye batir shida cikin ƴan sa'o'i. Duk wanda ya ga maƙerin Agadas yana fitar da ado daga ɗan guntun azurfa, ko uwar gida tana ciyar da mutum goma da tiya ɗaya, ya san wannan hikima. Yaran garin gawayi sun gane ta tun ba su san sunanta ba.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne matakin farko na wasan, wanda yake kira darasin da ya fi kowane darasi tsari. An ajiye Mario a hagu, gabansa fili. Ba a ce wa yaro komai ba, amma ya san dama zai nufa. Maƙiyi ɗaya tak ke tahowa, a hankali. In ya taɓa shi ya mutu, ya koyi tsalle. In ya doki akwatin da ke sama, naman kaza ya fito, ya gangara, ya bugi bututu, ya dawo kansa. Ko ya so gudu da wuya ya kauce, sai ya ga ya ƙara girma, ya gane wannan aboki ne. Cikin minti ɗaya ya koyi doka uku, babu tsawa, babu bulala.

A safiyar kowace rana kuwa, yaron nan yana zaune a ajin da ake rataya wa wanda ya yi subul da baka ya yi Hausa ko Tamajak abin da ake kira sambol, ya yini da shi a wuya ana yi masa dariya. Kuskure a aji abin kunya ne, sai kowa ya kame bakinsa, wanda ya kame baki kuma ba ya koyon harshe. Kuskure a tabarma rai ɗaya ne cikin uku. Ƴan kallo su yi shewa, su nuna maka ramin da ka faɗa, na bayanka ya tsallake shi saboda kai ka faɗa. In ba ƙira, me ya ci gawayi? In makaranta ba ta ba yaro wurin da zai faɗi ya tashi ba, me ta yi da shekarunsa? Tun da ya kama alli, malamin ke ba ɗalibi dama uku a kan allo kafin ya sa maki, a Faransanci da Hausa duka, kuma ajin ne ke nuna masa inda ya yi tuntuɓe. Bai taɓa gaya wa sufeto inda ya samo dabarar ba.

Sai dai begen da bai ƙirga asararsa ba yaudarar kai ne. Mahaifin nasa bai yi ƙarya duka ba. Tun da na'urar ta shigo, langa ta ragu a dandali, ramukan dara suka cike da rairayi, kakar da ke yi musu tatsuniya ta rasa masu cewa ta zo mu ji ta. Ƴan mata ba su taɓa riƙe manet ba; suna wanke-wanke suna jin kiɗan daga nesa. Yaran unguwannin da wuta ba ta kai ba, ta taga suke leƙe. Daɗin da ake tunawa, daɗin ƴan kaɗan ne.

Duniyar da ta haifi wancan ɗaki ta sauya. An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, gwamnati kuma ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a watan Yunin 2025. Wasanni sun koma cikin waya, sun fi kyan gani nesa ba kusa ba, amma da yawansu ba su da ƙarshe, kowane yaro da nasa allon, ba mai jiran wani, ba mai koyo daga faɗuwar wani. Ƙungiyoyin al'adu na tattara takobi da sirdin raƙumi da tsofaffin waƙoƙi, kuma sun kyauta. Amma ƙuruciyar ƴaƴan ma'aikatan rami ita ma tarihin Abzin ce, kuma a irin waɗannan adakoki take kwance, tana jiran mai tambaya tun masu ba da labarin suna raye.

Wata Juma'a da yamma malamin ya kai na'urar wurin mai gyaran rediyo, aka sauya mata waya, aka jona ta da tele. Bindigar harbin agwagwa ta ƙi aiki, domin da tsohuwar tele mai ƙusumbi kaɗai take jituwa. Mario kuwa ya fito tsaf, yana fuskantar dama. Ɗansa mai shekara goma sha ɗaya ya karɓi manet, ya mutu a hannun maƙiyin farko, ya sake, ya wuce, sai ya so komawa ya ɗauki wani abu da ya bari.

“Baba, ya ƙi komawa baya.”

“Haka aka yi shi. Abin da ya wuce allon ya wuce.”

Da rai na uku ya ƙare, yaron ya kai hannu zai sake farawa. Uban ya riƙe hannun, ya zare manet ɗin, ya miƙa wa ƴarsa da ke tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu.

“Ajiye kwanon nan, uwata, ki zauna. Layi ya zo kanki.”