Karatu Daidai Adashina

'Yar'uwa, ga labarina, ƙila ya amfane ki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'ya'yana uku. Daminar da amai da gudawa ya ɗauke mana yara biyu a unguwa na ƙudura sai na yi digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, don rigakafi ya fi magani. Maigida ya ce, "Na amince, amma wa za ki bar wa yaran?" Shi ne na koma neman karatu ta intanet.

Da farko wata jami'ar waje na ƙyalla ido a kai, ashe da dala ake biya. Dalar da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba farkon 2023, a 2024 ta haura 1,500. Ko sarƙar gwal ɗina na sayar ba za ta kai ni gaci ba. Sai ƙawata ta zo da wata, wai wata shida an gama. Arha ba ta ado! Irin wannan ne ya sa a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo.

Na dawo gida: ga NOUN, ga sashen karatu daga nesa na ABU Zariya. Da naira ake biya, kuma hukumar NUC ta san da su. Na lissafa har kuɗin data da na motar zuwa jarrabawa, na zaɓi wadda adashina zai ɗauka.

Yanzu in yara sun yi barci nake buɗe littafi a waya. Sarƙata kuwa tana nan cikin adaka.