Zoɓon Goggo Da Darajar Mai Noma

A ƙasashen Faransa da Italiya akwai mutanen da sana'arsu ita ce ɗanɗana jar giyar inabi. Mutum zai ɗaga kofi ya dubi launi, ya shinshina, ya kurɓa, sa'an nan ya faɗi yankin da aka noma inabin. Wadda ƙaramin manomi ya yi ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba kuwa, har sunansa suke rubutawa a jikin kwalba, su biya shi da daraja. Mu addininmu ya raba mu da giya, amma muna da namu jan abin sha na halal, wato zoɓo, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira karkade. Sai dai har yau ba mu san darajar masu noma shi ba.

Ina da wata goggo a wani ƙauye kusa da Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Ita ba ta da hawasha a aikin noman Jazira, inda aka shekara da shekaru ana yi wa auduga feshi da jirgin sama. Abin da take da shi ɗan fili ne a gefen gonar dawa. Da ruwa ya sauka a watan Yuli sai ta shuka irin da ta gada wurin mahaifiyarta, takinta kuwa kashin awaki ne da toka. Wajen Nuwamba take tsinka, ta ɓare kowane ƙwanso da hannu, ta shanya bisa tabarma don kada yashi ya shiga.

A kakar da ta gabaci yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, na kai mata gaisuwa, ta ɗebo mini daga randa. Ba ta dafa shi, jiƙa shi take yi cikin ruwan sanyi tun asuba. Launinsa ja ne mai duhu, amma idan ka ɗaga kofin sai ka ga haske ta cikinsa. Kurɓar farko tsami ne ya kama gefen harshena, sai wani ɗan zaƙi nasa na kansa ya biyo baya, daga ƙarshe ɗan bauri ya zauna a maƙogwaro kamar na magaryar da ba ta gama nuna ba. Na ce, "Goggo, ina sukarin?" Ta ce, "Ɗana, sha tukuna. Sukari mayafin mugun zoɓo ne."

Gaskiyarta. Wanda ya saba da garin leda mai rini da ake kaɗawa a ruwa ba zai san cewa zoɓo iri-iri ne ba. Akwai mai duhu, akwai ja mai haske, akwai fari wanda ya fi su tsami. Na ƙasar Rahad da Ummu Ruwaba a Kordofan ya yi suna har Jamus, inda ake zuba shi cikin ƙananan jakunkunan shayi. Ƙananan manoma ne irin goggo suke noma shi da ruwan sama, amma dillali ne ke yanka farashi, mai noma ya tashi da abin da bai kai kuɗin gishiri da sabulu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Akwai wata asarar kuma. Na taɓa tambayar ɗalibaina sunan karkade da Hausa, kaɗan ne suka sani, balle su san cewa ganyensa shi ne yakuwar da ake sa wa a miya. Ga yaƙi ya kori mutane da yawa daga ƙauyukan Jazira da Sinnar, kuma mai gudun rai ba ya tsayawa ɗaukar iri.

Saboda haka, 'yan'uwa, idan azumi ya zo ko suna ko ɗaurin aure, mu nemi zoɓo a hannun tsofaffinmu da suka noma, mu biya su ba tare da ƙwaron ciniki ba. Wanda irinsa ya tsira ya ɗiba wa wanda ya rasa. Mu kuma gaya wa yara sunansa da harshen kakanninsu. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.