Malamin Da Ya Zama Waziri

Hausawa na cewa abokin sarki sarki ne. Ni kuwa tun da na karanta tarihin wani Bajamushe mai suna Eberhard Dankelman nake ganin karin maganar nan da sauran gyara.

An haifi Dankelman a garin Lingen a 1643, ya yi karatu a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan. Bai wuce shekara 20 ba, wato tsaran yawancinmu, aka ɗauko shi a 1663 aka danƙa masa tarbiyyar Firedirik, ɗan mai mulkin ƙasar Brandenburg. Malami ne mai tsanani, amma yaron ya shaƙu da shi ƙwarai. Da Firedirik ya gaji mahaifinsa a 1688 sai ya jawo malaminsa jika, har a 1695 ya naɗa shi babban waziri. A wannan shekara kuma Sarkin Sarakuna Liyofol ya ba shi muƙamin sarauta. Mutumin ya yi aiki. A zamaninsa aka buɗe Jami'ar Halle a 1694, da makarantar zane-zane ta Berlin a 1696.

To, ina gizo ya yi saƙa? Na ɗaya dai, 'yan'uwansa maza shida duk sun sami manyan muƙamai, abin ya tsone wa fadawa ido. Na biyu, Firedirik mutum ne mai son ƙasaita, burinsa ya sa kambi a kira shi sarki sosai. Waziri kuwa kullum sai ya kawo maganar tattalin baitulmali, da irin harshen da yake yi wa yaro faɗa a da. Uwargida Sofiya Shalot ba ta ƙaunarsa, maƙiya suka sami ƙofa. A ƙarshen 1697 aka tuɓe shi, aka kama shi, aka ƙwace dukiyarsa, aka kulle shi a kurkukun Spandau, daga baya aka kai shi Peitz. An yi shekaru ana bincike, alƙalai ba su iya tabbatar masa da laifi ba, duk da haka bai fito ba sai 1707. Yana tsare Firedirik ya sa kambinsa a 1701. Sai da ɗansa ya hau gado a 1713 aka dawo da tsohon fada cikin girmamawa, amma ba a mayar masa da dukiyarsa ba. Ya rasu a Berlin a 1722.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shekara 34 yana bauta wa mutum guda, bai lura ba cewa almajirin nan ya girma, kunnen da ya saurare shi a ɗakin karatu ba shi ne ke bisa karaga ba. Wasu abokaina sun ce da ya iya bakinsa da ya mutu a kujerarsa. Wataƙila haka ne. Sai dai in waziri ya koyi yin shiru don tsare kujera, me ya raba shi da maroƙi?

Da yawanmu aikin hukuma za mu shiga in mun gama, wasunmu kuma za su koyar da waɗanda za su mulke su gobe. Darasin da na ɗauka shi ne a faɗi gaskiya da lafazi mai taushi, a nisanta dangi daga akushin hukuma, sa'an nan a san cewa ko an yi duk wannan ana iya kwana a kurkuku. Wanda bai shirya wa haka ba, gara ya tsaya wajen allo.