Abin Da Ya Tsira A Binham

Gini ba ya tsayuwa da ƙarfin dutse kaɗai. Yana tsayuwa ne matuƙar akwai masu ɗaukarsa a matsayin nasu, waɗanda ke jin ɗigar rufinsa kamar a ɗakin kwanansu take. Ban taɓa ganin inda wannan gaskiya ta fito fili kamar a cocin ƙauyen Binham da ke lardin Norfolk a gabashin Ingila ba, inda na sha zuwa a shekarun da nake karatun digiri na uku.

Asalin wurin gidan 'yan zuhudu ne na ɗariƙar Benedict, wanda wani basarake, Peter de Valognes, ya kafa wajen shekarar 1091. Cocin ya kasu biyu: ɓangaren gabas na 'yan zuhudu, dogon zauren yamma kuwa na mutanen ƙauye, da katangar dutse a tsakani. A 1539 Sarki Henry na Takwas ya rufe gidan, aka ba iyalan Paston, daga baya aka riƙa kwasar duwatsunsa. Yau ɓangaren 'yan zuhudun kufai ne, ciyawa ta rufe daɓensa. Zauren talakawa kuwa yana nan da rufinsa, ana ibada a cikinsa. Katangar da ta raba su a da ita aka ɗaga ta zama bangon gabas.

Mai shiga zai fara ɗaga kai, domin bakunan ginin hawa uku ne, wani bisa wani, akasarinsu masu lanƙwasa irin ta bakan gizo, salon Normawa. Kusa da ƙofa akwai kwamin baftisma na dutse mai fuska takwas. An ajiye shi a nan da gangan, saboda a aƙidarsu da baftisma ake shiga addini, kamar yadda da ƙofa ake shiga ɗaki. A fuskoki bakwai an sassaƙa manyan ibadu bakwai na Katolika, ciki har da aure da shafa wa mai jinya mai, wato rayuwar ɗan ƙauye daga zanen goyo zuwa likkafani. Ga kuma tsofaffin bencina, waɗanda tafukan mutane suka goge kawunansu har suna sheƙi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ragowar shamakin katako. Irin wannan shamaki yakan raba wurin jama'a da wurin limamai, kuma an zana hotunan waliyyai a jikinsa. Da guguwar sauyin addini ta zo a ƙarni na 16, hukuma ta hana hotuna a coci. A wurare da dama an farfasa su ko an ƙone. A Binham sai aka shafe su da farin fenti, aka rubuta ayoyi da baƙin rubutu daga fassarar Littafi Mai Tsarki ta Ingilishi ta 1539. Da zamani ya tura, fentin ya soma ɓarewa, fuskokin suka riƙa leƙowa ta tsakanin haruffa: nan ido, can kambi, can hannu a ɗage. Rikicin da ya ci rayuka a ƙasar yana nan kwance a allo guda, kuma babu ɓangaren da ya share ɗan'uwansa ƙarƙaf.

Haka ma babbar tagar yamma, wadda aka gina tsakanin 1226 da 1244, tana cikin na farko-farkon irinta a Ingila. Da ta lalace, aka toshe ta da jan bulo a 1809. Masu son kyan gini kan yi tsaki in sun gani. Ni kuwa ina ganin hikimar mai ƙaramin ƙarfi: ƙauyen da ba shi da kuɗin gyara ya zaɓi faci a kan rushewa, kuma da tsirara gara baƙin bante.

'Yan zuhudu suna da gonaki da takardun mallaka da goyon bayan manya, duk da haka umarni guda daga fada ya tashe su. Mutanen ƙauye ba su da ko ɗaya daga ciki, sai dai a nan aka yi wa 'ya'yansu baftisma, a harabar kuma iyayensu ke kwance. Saboda haka duk mai son sanin ko wani tsohon gini zai kai ga jikoki, kada ya tambayi wanda ya gina shi. Ya tambayi wanda ke share shi.