Yadda Na Koyi Riƙon Aska

Tun ina yaro na san askar Babanmu, amma ban taɓa riƙe ta ba. Irin mai naɗewar nan ce, ƙotarta baƙa, a jikin ƙarfen kuwa an rubuta Sheffield, watau wani gari na Ingila da ya yi suna wajen ƙirar wuƙaƙe. Shi ma gadonta ya yi daga kakanmu, wanda ya saye ta sa'ad da yake aikin kuza a Bukuru. Kowace Asabar da maraice Baba yakan jingina madubi a jikin rumbu ya gyara fuskarsa saboda Lahadi, mu kuwa yara a hana mu guje-guje kusa da shi.

Cikin damina ta 2023 hawan jini ya shanye masa hannun dama. Da na je hutu sai na tarar gemu ya rufe masa fuska, fari fat, duk a cukurkuɗe. Iya ta ce ya daina fita ƙofar gida, in baƙi sun zo gaisuwa sai ya ce a ce yana barci. Ƙanena ya gwada masa da reza, ya ture hannunsa. To, ran da zan koma kwaleji na roƙi askar, na sa cikin akwatina.

Farkon gwajina abin kunya ne. Da asuba na tashi, ga hunturu, na shafa sabulu da ruwan sanyi, na kafa askar tsaye kamar mai kankare rogo. Kafin in ankara na yanke haɓata wuri uku. Ran nan kuwa muke fita koyon koyarwa. Ina shiga aji huɗu, wani yaro ya ɗaga hannu da ladabi, ya ce, "Malam, kyanwa ce?" Lissafin da na shirya bai shiga kan kowa ba.

Sai na kai kukana wurin wani tsohon wanzami da ke zama gindin mangwaro a kasuwa, da zabirarsa a gefe. Ya karɓi askar, ya gwada a gashin hannunsa, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗan makaranta, ai dakusasshiya ce. Mai kaifi ba ta cika yankan mutum ba, mara kaifi ita ce kake dannawa har ta shiga nama." Ya wasa ta a dutse da ɗan ruwa, sa'an nan ya yi ta jan ta bisa fata, bayanta ne ke gaba, bakin yana biye. In ka juya, ka sa bakin gaba, ka tsarge fatar ka kuma ɓata kaifin.

Asabar shida ina zuwa wurinsa. Ya koya mini in jiƙa gemu da ruwan ɗumi tukuna, domin gashi ya yi laushi. Hannun hagu ya ja fata ta miƙe sarai, gama aska ba ta son tattara. Ita kuwa askar a kwantar da ita, a ɗan ɗaga bayanta kaɗan. Littattafai sun ce digiri 30, shi ya ce a saurari ƙararta kurum. A riƙa ja kaɗan-kaɗan, kada ko kusa a zame ta gefe, nan ne take tsagawa. Kuma a bi kwancin gashi. Wannan ya fi shafarmu mu masu murɗaɗɗen gashi, don in an aske shi a baibai yakan lanƙwashe ya koma cikin fata, shi ke kawo ƙurajen nan da ke damun samari a wuya.

Akwai abu guda da ni na riga shi sani, ko da yake na tarar shi ma ya ji. A darasin kiwon lafiya an gaya mana ƙwayar ciwon hanta, irin da ake kira B, takan rayu kwana 7 ko fiye cikin busasshen jini a jikin ƙarfe. Shi ya sa tsohon nan yake karya sabuwar reza a gaban kowane mai aski, tsoffin asakensa suna kwance a zabira. Ni kuwa na riga na zuba wa askar Baba jinina ba sau ɗaya ba. Saboda haka na tafasa ƙarfen minti 20, na sayi wata daban domin kaina.

Hutun Kirsimeti, ran Asabar, na jingina madubi a rumbu, na fito da kujera. Baba ya dubi askar, ya dubi haɓata, bai ce kome ba, ya zauna. Na fara rage gemun da almakashi. Ashe fuskar wani ba kamar taka ba ce: ba ka jin inda askar ke taɓawa, sai ka duba idon mai ita. Kumatunsa na dama ya saki, ba ya iya hura shi, sai da yatsana na tallafe. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ni nawa a maƙogwaro ya zo. Da ya ɗaga kai na ga jijiyar wuyansa tana motsi, hannuna ya ɗauki rawa. Na tsaya, na yi kamar ina goge kumfa.

"Ɗana," in ji shi, da nauyin harshen nan nasa, "ruwan zai huce."

Na ci gaba. Wuri ɗaya na ƙwarzane shi, ƙarƙashin kunne, na goga masa alif jinin ya tsaya. Ya karɓi madubi da hannun hagu, ya daɗe yana juya kai. Can ya nuna ƙasan leɓensa, ya ce na bar saura. Na aske. Sa'an nan ya kira Iya ya ce ta kawo masa hularsa, ƙanena kuwa ya ɗauki kujerar ya kai ƙofar gida.