Kaskon Inna da Murhun Turawa

Masu karatu, yau ku yi mini uzuri, ci gaban labarinmu sai mako mai zuwa. Wata magana ce ta cikin gida ta tsaya mini a rai.

Da muka tashi gyaran gidanmu a nan Kano, maigida ya ga hoton murhun nan na jikin bango da Turawa ke yi a falo. Ya ce sai an yi mana, wai in zaɓa, na itace ko na gas. Dariya na yi. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ina mu ina murhun falo? Sanyin namu duka-duka daga Disamba zuwa Fabrairu ne, hantsi na yi kuma an tuɓe rigar sanyi.

Ashe don Inna yake yi, wato mahaifiyarsa. Ita kam hunturu na kamawa sai kasko da garwashin kirya. Wani dare ta shige ɗaki da shi, ta ja ƙofa, ta toshe taga da tsumma. Da asuba muka same ta tana amai, jiri na ɗibarta, ko tsayuwar salla ta kasa. Likita ya ce gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, ba launi ba wari, mutum yana barci ta wuce da shi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Na gas ɗin ma, in ba mafitar iska, haɗarin ɗaya ne. Ga tsada, tukunya mai kilo 12.5 da nake lallaɓawa don girki ce za a ƙona a falo? Na itacen kuwa sai an gina masa bututun hayaƙi, kuma yawancin ɗumin ta can yake tserewa.

Inna ce ta raba gardama. Ta ce, "Ke 'yar nan, wutar da ba ta toka a ina zan gasa wa jikokina dankali?"

Sai aka fasa murhun gaba ɗaya. Yanzu bayan isha'i a tsakar gida ake hura kaskon, yara su kewaye ta, ta yi musu tatsuniya. In an tashi na yayyafa masa ruwa, ta shiga da barguna biyu. Duk da haka ba na kwanciya sai na leƙa, don shekaranjiya ma a bayan ƙofa na tsinci wani ɗan kaskon da ban san da shi ba.